ZUMUNTA A ƘAFA TA KE



Sau da yawa sabon mai bi ya kan tsare ni a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, ya ce, "Malam, ga shi na ba da gaskiya, yanzu wane aiki zan yi wa Ubangiji?" Yana zaton zan ambata masa wani babban abu. Ni kuwa na kan tambaye shi, da wace hanya ya zo, da me ya hawo, wa kuma ya gani a hanya. Ya kan yi mamaki. Amma ka lissafta da kanka. Zamanka cikin majami'a ranar Lahadi ba ya wuce awa 2 ko 3. Hanya kuwa kullum kana bisanta, zuwa kasuwa, zuwa wurin sana'a, zuwa makaranta, zuwa gaisuwa. Danginka da maƙwabtanka waɗanda su ke zuba ido su ga abin da wannan bangaskiya za ta maishe ka, ba za su bi ka cikin majami'a su ji waƙarka ba. A bisa titi za su gan ka. Can ne za su yanke shawara a kanka, da a kan Sunan da a ke kiranka da shi.

Mu da mu ke zaune a Zariya mun san garinmu ba dunƙule ya ke wuri ɗaya ba. Ga Birni cikin ganuwarsa, ga Tudun Wada, ga Sabon Gari wanda ya tashi bayan da jirgin ƙasa ya iso a 1911, ga Samaru inda jami'a ta ke tun 1962, ga Wusasa a gindin Kufena, ga kuma babban asibiti can Shika. Tsakanin kowanne da ɗan'uwansa akwai tafiya, tafiya kuwa kuɗi ce. Kakanninmu masu jaki ba su taɓa tunanin haka ba. Amma mu mun gani da idonmu, ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya bi sawunta. Abin da ya fara mutuwa saboda wannan tsada shi ne ziyara. Mutane su kan ce, "Zan buga masa waya," shi ke nan. Amma waya ba ta ɗauko wa majiyyaci ruwa, ba ta gyara masa shimfiɗa. Mutanen dā da su ka ce zumunta a ƙafa ta ke, sun san abin da su ke faɗi.

To, bari mu fara da ƙafa, gama ita ce abin hawan da Allah ya ba ka ba da haya ba. Mutum mai lafiya ya kan ci kamar kilomita 5 cikin awa guda ba tare da ya matsa wa kansa ba. Kada ka ji kunyarta. Ubangijinmu da ƙafa ya zazzaga garuruwan Galili da Yahudiya, ran da ya shiga Urushalima a bisa ɗan jaki ma, aro aka yi masa. Mai tafiya da ƙafa yana da abin da mai mota ba shi da shi: yana gani, yana kuma iya tsayawa. Shi ne ya kan lura ƙofar tsohuwar nan ba a buɗe ta ba tun jiya. Shi ne ya kan ga makaho yana jiran wanda zai tsallakar da shi titi. Sai dai ka tashi da wuri domin gaisuwa ta sami wurinta. Gama wanda ya fita a makare ya kan wuce dattawa da ɗaga hannu kawai, su kuwa su ce sabon addini ya koya masa girman kai. In dare ya yi, ka bi gefen da za ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske.

Kadan kana da ɗan abin hannu, shawarata ita ce keke. Ba ya shan mai, ba ya neman lamba, tafiyar awa guda a ƙafa ya kan gama ta cikin minti 20 ko kusa da haka, gyaransa kuwa faci ne da iska da ɗan mai a sarƙa, abin da yaro ma ya iya koyo. Na sani samari yanzu suna ganin keke abin tsofaffi ne da masu tallan itace. Wannan rainin ne ya jefa da yawa cikin bashin babur. Mutum ya karɓi babur biya sannu-sannu, kuɗinsa ya ninka, kowane mako ana biɗar balas a hannunsa. Daga nan ba shi da Lahadi, ba shi da hutu, ba shi da sukunin tsayawa domin kowa, gama kowane minti na mai babur ne. Ban ce sayen babur zunubi ne ba, ban kuma ce sana'ar acaɓa abin kunya ce ba; da ita mutane da yawa su ke ciyar da iyali da halal. Amma ka zauna ka yi lissafi tun ba ka sa hannu a takarda ba, ka kuma tuna hukuma ta kan sake doka: a Kano an hana ɗaukar fasinja a babur a Janairu 2013, waɗanda bashi ke wuyansu kuwa bashin bai faɗi tare da sana'ar ba. In ka hau babur, naka ko na haya, ka sa hular kwano. Kanka ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai masu ci daga guminka.

Game da keke napep da bas, maganata kaɗan ce, amma a nan ne na fi ganin masu bi suna faɗuwa. Ka yi ciniki tun ba ka shiga ba, domin kada a yi cacar baki wurin sauka. Kadan yaron mota ya manta bai karɓi kuɗinka ba, ka kira shi ka ba shi. Kadan ya ba ka canji fiye da naka, ka mayar. Kada ka ce Allah ne ya ba ka, gama da maraice daga aljihun yaron nan za a cire shi. Ka matsa wa tsoho da mai ciki. In direba yana gudun da ya wuce kima, ka yi masa magana da ladabi, kada ka zage shi, kada kuma ka yi shiru don kunya. Ba kuwa a cikin bas a ke gardamar addini ba, inda mutum ya biya kuɗinsa, ba shi da hanyar tashi ya bar ka. In an tambaye ka, ka amsa a taƙaice da tawali'u.

Yanzu ka buɗe Bishara ta hannun Luka, sura 10, ka karanta misalin Basamariye, ka lura da sha'anin hanya a cikinsa. Daga Urushalima zuwa Yariko tafiyar kamar kilomita 27 ce, gangara ce ta fiye da mita 1,000 ta tsakanin duwatsu da hamada, maɓoyar 'yan fashi. Firist ya wuce, Balawi ya wuce. Ba a ce mugaye ne ba, mutanen ibada ne, watakila kowannensu yana da hujja mai kyau. Na ukun yana da dabbar hawa. Ka duba abin da ya yi da ita: ya ɗora wanda aka yi wa rauni a kanta, wato shi kansa ya koma tafiya da ƙafa. Ya kwana yana jinya, ya bar wa mai masauki dinari 2, ladan ƙodago na kwana 2 ke nan, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Abin hawansa, da lokacinsa, da guzurinsa, duka ya taɓa su.

Ina jin nauyin wannan misali, gama ya taɓa kama ni. Wata Laraba da la'asar ina bisa kekena zan je in bi da addu'a, na kuwa makara. Kusa da wata mararraba na tarar da taro, wani dattijo mai tallan rake yana kwance, babur ya buge shi ya gudu. Na rage gudu, na duba, na ce a raina mutane sun yi yawa, wani zai kula, ga kuma jama'a suna jirana. Na wuce. Ban yi nisa ba zuciyata ta hana ni sakat, na juyo. Ko da na iso, wani mai keke napep, Musulmi, ya riga ya sauke fasinjojinsa, ya mayar musu da kuɗinsu, yana cicciɓar tsohon. Abin da ya rage mini shi ne in riƙe kan dattijon har asibiti. A daren nan na tsaya gaban jama'a ban iya yin wa'azin da na shirya ba. Labarin nan na ba su. Na sani sarai wane ne firist a ranar, wane ne kuma Basamariye.

Saboda haka ka san abin da za ka yi tun ranar ba ta zo ba, gama tsoro da rashin sani su ne su kan sa mutumin kirki ya wuce. Ka sa mutane su ja da baya iska ta shiga, wani kuma ya tsaya yana tsai da motoci. Inda jini ke zuba ka danne da tsumma mai tsabta, kada ka ɗaga kana dubawa. Kada ka ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, yana iya shaƙe shi. Kadan ana zaton wuya ko baya ya taɓu, kada a finciko shi. A ɗauke shi a miƙe, mutum guda yana riƙe da kai. Lambar kiran hukumar kiyaye haɗura ita ce 122. Da yawa suna tsoron a riƙe su a asibiti ko a ce su ne su ka buge shi. Ka sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta ce ko wanda aka harba da bindiga a yi masa magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, a kuma mutunta wanda ya kawo shi. Ba na ce maka ba za ka sha wahala ko kaɗan ba. Watakila yininka ya tafi, rigarka ta ɓaci. Ka kira shaida guda ya raka ka, ka tafi.

Amma haɗari ba kullum a ke gamuwa da shi ba. Aikin da ke jiranka kowane mako ya fi wannan sauƙi. A ɗakunan asibiti akwai waɗanda aka kawo daga ƙauyuka masu nisa, guzurinsu ya ƙare, ba mai leƙo su. Kwanon kunu da gaisuwa cikin harshensu babban abu ne a gare su. Ka je a lokacin da asibiti ya ƙayyade, kada ka daɗe, kada ka tambayi addinin mutum kafin ka miƙa masa kwano. In ya yarda ka yi masa addu'a, ka yi, in bai yarda ba, ka yi ta a zuciyarka bisa hanyar komawa. Kadan shekarunka sun kai 18, nauyinka ya kai kilo 50, kana kuwa da lafiya, kana iya ba da jini. Abin da a ke ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma ya kan mayar da shi. Namiji yana iya sake bayarwa bayan wata 3. Matan da ke zubar da jini wurin haihuwa da yara masu ciwon sikila suna rayuwa ta wurin wannan kyauta. Haka kuma in unguwa ta kira gayya domin yashe lambatu gaban damina, ka riga kowa fitowa da shebur. Kada a ce tun da ka zama Kirista ka fita daga cikin mutane. Sauron da ke ƙyanƙyashewa a ruwan nan ba ya tambayar gidan wa zai shiga.

Kada kuma ka ɗauka mai bi ba ya fita shan iska. Wata Asabar ka tara yaran gidanku da na maƙwabta, da izinin iyayensu, ku hau Kufena da sassafe tun dutse bai yi zafi ba, su ga garinsu shimfiɗe a ƙarƙashinsu, ka nuna musu inda Birni ya ke da inda jirgi ke bi. Ku ɗauki ruwa, ka ƙidaya su wurin hawa, ka sake ƙidaya su wurin sauka, ku komo kafin azahar. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Watakila ka ce, "Malam, ni ba ni da keke, kuɗin mota ma da ƙyar." To, ku haɗu ku 3 ku biya keke napep guda, ko kuwa wanda ke da keke ya ba da aronsa ranar da ba ya aiki, mai aro kuma ya komo da shi da iska a taya. Ranar Lahadi mai zuwa, in an tashi sujada, ka je wurin ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, ka tambaye shi wane ne ba a gani ba mako 2 ke nan, da unguwar da ya ke, da hanyar da ta fi kusa zuwa gidansa.