Wasan Ɗakin Kulle: Wasa Ƙwaƙwalwa ko Ɓata Lokaci?

Wasan kuɓuta daga ɗakin kulle yana cikin wasannin kwamfuta mafi sauƙin tsari. Mai wasa kan tsinci kansa a ɗakin da aka garƙame, babu abokin gaba, babu guje-guje. Aikinsa shi ne ya riƙa taɓa kayan ɗakin, ya ɗaga matashi, ya jawo aljihun tebur, har ya gano makulli ko lambar da za ta buɗe ƙofa. Crimson Room, wanda Toshimitsu Takagi ɗan ƙasar Japan ya fitar a 2004, shi ya yaɗa salon a intanet. An daina tallafa wa manhajar Flash da aka gina yawancin irin waɗannan wasanni a kanta a ƙarshen 2020, amma wasannin ba su mutu ba, sun koma wayoyin hannu.

A ƙasar Gumel wannan sha'awa ta girmi waya. Dattawan da ke zaune gindin darbejiya a Gagarawa ko Sule Tankarkar suna haƙa gurabe 30 a rairayi don wasan dara, wannan ya riƙe tsinke 12, wancan tsakuwa 12, kowa na neman jera uku ya ci. Yara kuma sun san kacici-kacicin mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da harawa, jirginsa ba ya ɗaukar fiye da ɗaya. Abin da ya haɗa su duka shi ne tabbacin cewa akwai mafita. A ɗakin wasa ba a ajiye komai a banza. Mai tsara shi ya ɓoye amsa a ciki tun farko. Ɗan kasuwar da ya kai shanu Maigatari ranar Alhamis bai da wannan tabbaci: zai iya yin lissafinsa daidai, canjin sefa ya karya shi. Shi ya sa ƙaramar matsalar da ke warwaruwa take sanyaya rai.

Sai batun hukuncin irin waɗannan wasanni a addini. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malaman Malikiyya, ya hana wasan nardu, mai jefa ƙwayar sa'a irin ta lido, ya kuma hana shaɗranji. Wasu malamai kan sa dara cikin wannan hukunci, yayin da Imamu Shafi'i ya tsaya a kan karhanci game da shaɗranji. Sai dai kacici-kacici yana da nasa asali. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ta yi kama da Musulmi. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce, kunya ta hana shi faɗa a gaban manya. Ibn Farhun, malamin Malikiyya na Madina, littafi guda ya rubuta na kacici-kacicin fiƙihu.

Wasan ɗakin kulle ya fi kusa da wannan ɓangare, domin ba ƙwayar sa'a a cikinsa, ba abokin hamayyar da za a yi husuma da shi. Illarsa tana wajen lokaci, kuma ba ƙarama ba ce: ana buɗe ƙofa, sai ga wani ɗakin. Muddin babu caca, babu hoton batsa, bai kuma sa an jinkirta salla ko an bar aiki ba, hujjar haramta shi ba ta da ƙarfi.