Lissafin Ruwan Kogi da Batun Sanin Gaibu

Kafin a miƙe kwanar kogi, ko a yashe cikinsa, ko a yi masa jinga, injiniyoyin ruwa na wannan zamani sukan fara gwada aikin a kwamfuta. Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi yaɗuwa a wannan fanni ita ce HEC-RAS, wadda sashen injiniyoyi na sojan Amurka ya fitar a 1995, kuma kyauta ake sauke ta. Ana ba ta siffar kogin, wato faɗinsa da zurfinsa a wuraren da aka auna, da gangarensa, da yawan ruwan da ke shigowa daga sama. Sai a ƙara mata wata lamba mai nuna kaushin kwarin, wadda ta samo asali daga lissafin da Robert Manning, injiniyan ƙasar Ailan, ya gabatar a 1889. Magudanar siminti mai santsi takan ɗauki kusan 0.013, kogin da cikinsa ke share kusan 0.03, wanda ciyawa ta cushe kuwa yakan kai 0.1. Daga nan manhajar ta zana taswira: in ruwa kaza ya zo, ga inda zai tsaya, ga gonakin da zai shafe, ga unguwar da zai shiga har gwiwa.

Wanda ya tashi a kan karatun tauhidi yana iya jin wani abu ya tsaya masa a rai. Saukar ruwan sama na cikin abubuwa biyar da ƙarshen Suratu Luƙman ya ambata, waɗanda malamai ke kira mabuɗan gaibu. To, na'urar da ke nuna ambaliyar da ba ta riga ta zo ba, ba ta shiga hurumin da ba nata ba?

Amsar tana cikin irin maganar da manhajar ke yi. Ba ta faɗin ranar da ruwa zai sauka, ko yawan da zai sauka bana. Maganarta duk sharaɗi ce: in kaza, to kaza. Hatta abin da injiniyoyi ke kira ambaliyar shekara ɗari ba alkawari ba ne cewa sai bayan ƙarni za a sake ganinta. Nufinsu ambaliyar da yiwuwarta a kowace shekara ɗaya ne cikin ɗari, kuma tana iya zuwa damina biyu a jere.

Malaman tauhidi sun daɗe da ware wa irin wannan sani gurbi. Muhammad ɗan Yusuf as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma ake karanta littafinsa Ummul Barahini a zaurukan ƙasar Hausa, ya kasa hukunci gida uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ƙulla abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, kamar wuta da ƙuna, ko ci da ƙoshi, tare da yarda cewa ƙullin na iya saɓawa, kuma mai tasiri na haƙiƙa Allah ne. Lambar Manning ba wahayi ba ce, daga maimaita awon ruwa mai gudu aka tsamo ta. Saboda haka kuskure biyu ne ke nan a gefe da gefe. Akwai mai watsi da lissafin da sunan tawakkali, alhali riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Akwai kuma mai ɗaukar taswirar kamar biyu da biyu huɗu, ya manta cewa lambar kaushin nan wani mutum ne ya dubi kwarin ya ƙiyasta ta.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ta alhaki. Kogin da aka miƙe ruwansa yakan ƙara gudu, ya isa garuruwan ƙasa da wuri kuma a dunƙule. Jingar da ta tsare wannan gaɓa takan tura ruwan ɗaya gaɓar. Fiƙihu ya san wannan rigima tun a Madina. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da kwaruruwan Mahzur da Muzainib: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Abin lura, hukuncin da awo ya zo, ba a bar shi ga son ran mai gonar sama ba. A dā wanda ya karkatar da ruwa yana iya rantsuwa cewa bai san inda zai faɗa ba. Yanzu hukumar da aka nuna wa taswira, ta ga ƙauyen da zai nutse, ta ci gaba da aikinta, ba ta da wannan uzuri. Malamai sun bambanta kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta auku da kafa ta a kan laifin da mutum ya aikata da saninsa: na farko haƙuri ne, na biyu neman mafaka.

Sai dai manhaja tambayar da aka yi mata kaɗai take amsawa. A jihar Fulorida ta Amurka, tsakanin 1962 da 1971, an mayar da kogin Kissimmee mai kwane-kwane, mai tsawon kusan kilomita 166, miƙaƙƙiyar magudana ta kusan kilomita 90. Ambaliya ta ragu kamar yadda aka lissafa. Amma fadamun suka bushe, tsuntsayen ruwa suka watse, kifi ya ragu, har majalisar ƙasar ta amince a 1992 a cike wani ɓangare na magudanar a maido da kwane-kwanen kogin, aikin da bai kammala ba sai 2021.

Kogin Haɗejiya ya ga irin wannan ta wata fuskar. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Chalawa ta 1992 sun ba Kano ruwan sha da noman rani, amma sun rage cikar damina da ke wanke kwari, suka kuma sa ruwa na kwanciya har da rani. Ciyawar kachala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta magudanar Marma ya nufi Nguru. Wasu gonakinsu suka nutse, wasu a can ƙasa wajen Gashuwa suka ga ƙarancin ruwan da suka saba da shi. Masunci da makiyayi da mai shinkafar fadama duk masu haƙƙi ne a ruwan nan, amma ba su bayyana a lissafi sai in an sa su.

Shi ya sa inda injiniya ya ja layi ya ce a nan taswirarsa ta ƙare ba shawara ce ta fasaha zalla ba, domin duk wanda ke bayan layin, cutarsa ba za ta fito a allo ba. Masu aikin da suka san abin da suke yi sukan miƙa taswirar har ta wuce garuruwan ƙasa, su gwada ta da ƙaramin ruwa da babba. Sukan kuma daidaita ta da ambaliyar da ta taɓa faruwa: su shiga gari su nemi dattawa su nuna musu shatin da ruwa ya bari a jikin katangar masallaci ko gindin tsamiya a shekara kaza, su auna tsayinsa. In lissafin bai kai wannan shati ba, lambar kaushin ake komawa a gyara.