TAUSAYIN KARE MA IBADA NE

Ran nan ina dawowa daga Islamiyya na iske yara sun rutsa wata karya a kango suna ta jifa, ga 'ya'yanta kwance a bakin kwata. Da na tsawatar sai ɗaya ya ce, "Malama, ai najasa ce." A ina ya ji? A bakinmu iyaye mata.

To, mu gyara. A mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne; wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne kawai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin wata mai zaman kanta da ta ga ƙishirwa za ta kashe kare, ta cire huffinta ta ɗebo masa ruwan rijiya, Allah Ya gafarta mata. Wata kuwa kyanwa ta tsare da yunwa, ta shiga wuta.

Ban ce a kai shi ɗaki ba. Shari'a ta halatta riƙe kare don farauta, kiwo da tsaron gona. Mu haɗa kai da mai unguwa a kai su wurin likitan dabbobi a yi musu rigakafin haukan kare, a nema musu makiyayi ko manomi. Kafin nan, ragowar tuwo da ruwan kasko ba za su talauta mu ba. In ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu minti 15, a garzaya asibiti.

Allah Ya ji ƙanmu, Ya sa mu dace. Amin.