Ka Shirya Barin Sigari, Ko Dai Fata Kake Yi?



Da wuya ka samu mai shan sigari da bai san tana cutar da shi ba. A jikin kwalin ma an rubuta gargaɗi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. To me ya sa mutum zai ce "in sha Allahu na kusa bari", shekara biyar ta wuce yana nan yadda yake?

Malamai sun bambance buri da azama. Buri shi ne ka so ka wayi gari kawai ka ga ka rabu da abu. Azama kuwa ita ce ka yarda za ka ɗauki wahalar rabuwar. Shi ya sa a sharuɗɗan tuba, bayan nadama da dainawa, aka sa ƙudurin rashin komawa.

Ɗan uwa, zauna kai kaɗai ka auna kanka da tambayoyi huɗu.

Don wa za ka bari? In ƙorafin uwargida ne kawai ko kunyar surukai, za ka koma sha a ɓoye.

Ka san lokutan da take kiranka? Bayan cin abinci, a teburin mai shayi, ko in rai ya ɓaci? Me ka tanada a madadinta a wannan lokacin?

Me ka yarda ka rasa? Akwai majalisar da in ba ka ƙaurace mata na wani lokaci ba, ba inda za ka.

Ka sa rana, ka gaya wa wani wanda kake jin nauyinsa?

Ka kuma san abin da ke gabanka. Sinadarin nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu, jiki ya saba da shi. In ka daina, kwana uku na farko sun fi tsanani: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Galibi abin na lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma kowace sha'awa in ta taso 'yan mintuna take yi ta wuce. Kai da kake haƙurin awa 13 ko 14 a Ramadan, ka riga ka ga za ka iya.

Wani zai ce, "To Malam, na auna, ban shirya ba. Sai in jira?" A nan Shaiɗan ke shigowa da "sai gobe". Duba yadda aka haramta giya: a Baƙara aka nuna zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sannan a Ma'ida aka yanke. Hukuncin giya ya riga ya tabbata, ba wanda za a sake yi wa mataki-mataki. Darasin da ya rage mana shi ne shiri kansa aiki ne da ake yi, zama ba ya kawo shi.

Don haka ɗauki tambayar da ka kasa amsawa, ita ce aikinka na wannan makon. Wanda nasa jarabar kodin ne ko tiramol, ya haɗa da ganin likita, domin yankewa farat ɗaya na iya jigata shi.

Allah Ya yaye mana abin da ya fi ƙarfinmu, Ya ba mu ikon barin wanda bai fi ba. Amin.