Farfaɗiya da Rufin Asiri: Wa Ya Mallaki Labarin Mara Lafiya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Zariya, daidai Gyadi-Gyadi, da sanyin safiya, ya ga mata ɗauke da 'ya'ya sun nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A cikinsu akwai waɗanda farfaɗiya ta kawo, amma da wuya su ambaci sunanta ko da ga abokiyar zama a layi.

Shi wannan ciwo yana da wata ɗabi'a. Sau da yawa mai shi ba ya tuna abin da ya same shi, likita kuwa ba safai yake ganin faɗuwar ba. Sai dai a tambayi uwa: sau nawa ya faɗi a wannan wata, minti nawa ya yi, ya sha magani ko ya tsallake? Da amsarta ake ƙara ƙwaya ko a rage. Dalili ke nan masana suke ƙera manhajojin waya da za a riƙa shigar da wannan bayani, na'ura ta zana shi, likita ya duba ya gane ko maganin yana ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon, aka ba su magani daidai.

To, amma fa a nan gizo ke saƙar. A unguwanninmu na Tarauni, kalmar nan ɗaya tana iya fasa auren budurwa, ta raba yaro da makaranta, domin har yau akwai masu zaton yawun mai faɗuwa yana yaɗa cuta, alhali ba haka ba ne. Wayar gida kuwa ta kowa ce: miji ya ɗauka, ƙane ya ara, kishiya ta leƙa. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ina ruwan doka da wayar da aka bari a wurin mai caji?

Shin sai a fasa rubutawa ke nan? A ganina a'a, domin ɓoyon shi ma cuta ne. Yaron da ba a san yawan faɗuwarsa ba, da ka ake yi masa magani. Sai dai mai ƙera manhaja ya sani amana ya karɓa. Kada sunan ciwon ya fito a fuskar waya. Ta yi magana da Hausa, da murya, saboda wadda ba ta yi boko ba. A bar gurbin da uwa za ta ce ta ba shi rubutu ko ta yi masa hayaƙi ba tare da fargabar tsawa ba, in ba haka ba za ta yi shiru, zanen ya fito tsaf amma da giɓi.

Sa'an nan zanen nan, in likita ya gama dubawa, ya juyo shi ta gani. Ita ce fa ta kwana tana ƙirga.