Sha'awa Cikin Rigar Buƙata

A bayan wani gida a Kurfi akwai tsohuwar Land Rover da ta daɗe a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerarta. Duk ranar da na taso daga Dutsin-Ma zuwa Katsina sai na ƙirƙiri dalilin ratsewa in dube ta. Ranar da na taya, dattijon da ke da ita ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ka ɗauke ta ka ɗauki aikin shekara biyu. Ka yi shawara da gida?"

Ban yi ba, domin na riga na tanadi hujja. Ina da 'yar gona wajen madatsar ruwa ta Zobe, kuma da damina hanyar kan zama laka. Wace mota ce za ta kai taki ta fito da hatsi in ba wannan ba?

Irin wannan mota tana da wata ɗabi'a da ya kamata mai saye ya sani. An fara ƙera ta a Ingila a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi gangar jikinta da alminiyom, wanda ba ya tsatsa. Amma shasin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne. Saboda haka takan yi kyau a ido alhali ƙasanta ya zagwanye. Da na sunkuya na ƙwanƙwasa, ɓarɓashin tsatsa ya zubo mini a hannu, sai na tuna da hujjata. Amalanken shanu ya daɗe yana yi mini wannan aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, injin mai zuƙar mai irin nata ya zama nauyi. Kayan gyara kuwa sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, a samu ko a rasa.

To, ashe sha'awa ce. Shin laifi ne? Ban ga laifinta ba. Mai dokin hawan salla yana ciyar da shi shekara guda saboda kwanaki kaɗan, mai kiwon tattabaru ba ya lissafin riba, kuma ba wanda ya kira su mahaukata. Har ma ina ganin akwai martaba a raya abin da kowa ya yanke wa ƙauna, a zamanin da muka saba jefar da duk abin da ya yi tari. Sai dai mai doki bai taɓa cewa don noma ya saye shi ba.

A nan ne matsalar take. Idan maigida ya ce abu buƙata ne, ya rufe bakin kowa. Ba matar da za ta yi jayayya da hanyar kawo abinci. Idan kuwa ya ce sha'awa ce, dole ya nemi yarda, domin kuɗin da zai zuba a lagireto da giya su ne na makarantar yara da na taki. Da na saye ta da sunan gona, da na karɓi haƙurin iyalina ba tare da sun san abin da suka yi haƙuri dominsa ba. Wannan ya fi ɓarnar kuɗin muni a wurina.

Da dare na faɗa wa uwargida gaskiya: motar ba za ta ciyar da mu ba, ina son ta ne kawai. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, nawa za ta ci, kuma daga wane kuɗi?" Na ɗauko takarda muka fara lissafi. Mun tsaya a kan cewa sai bayan kaka, in gero ya yi, in kuma dattijon bai sayar wa 'yan gwangwan ba.