Laifin Masu Kawar da Kai

A unguwanninmu katanga ba ta ɓoye sauti. In ana daka a gidan maƙwabci ka sani, in an yi haihuwa ka ji guɗa, in baƙo ya sauka da hantsi kafin la'asar labari ya zaga layi. Haka nan in ana jibgar mace da tsakar dare, ko ana gana wa 'yar riƙo azaba, babu gidan da kukan ba ya shiga. Gari na wayewa sai a haɗu da mai gidan a ƙofar masallaci, a ba shi hannu, a ce ya iyali, ya ce lafiya lau, a ce madalla. Kowa ya ji, kowa ya sani, kowa ya kawar da kai. Wannan hali shi ne ke raya zaluncin da ake yi wa mata da yara a tsakaninmu, kuma shi ne laifin da mutanen kirki suka fi faɗawa ciki ba tare da zuciyarsu ta tuhume su ba.

Bahaushe yana girmama kawaici, kuma yana da gaskiya. Mutumin da aka taka ya haɗiye, aka gaya masa baƙar magana ya yi kamar bai ji ba, ya cancanci yabo. Sai dai kawaici a kan haƙƙinka ake yin sa. Kana da ikon yafe bashin da kake bin wani, amma ba ka da ikon yafe bashin da marainiya ke bi. Wanda ya ji ana karya hannun matar maƙwabcinsa ya ja bargo ya juya, ba nasa ya yafe ba. Haƙƙin wata ya ɗauka ya miƙa wa azzalumi, ya kuma sa wa abin suna kunya ko gudun fitina.

Abin ya fi yadda muke zato yawa. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa mata 31 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wani cin zarafi na jiki, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimakon kowa ba. Kafin nan, a 2014, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF sun bincika halin da yara ke ciki, suka gano cewa shida cikin goma suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an yi lalata da su, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ma'aunin kawar da kanmu. Yaran nan suna da iyaye, suna da malamai, suna da maƙwabta. Ba a daji suke zaune ba.

Me ke hana su magana? Sun san amsar da za su samu. In yarinya ta yi ƙarfin hali ta faɗa wa uwarta abin da aka yi mata, sau da yawa wanda ta ambata ba baƙo ba ne. Kawu ne, ko ɗan mai gidan haya, ko mai shagon da ake aikenta, ko wanda ke sayen tallarta duka ya ce ta shigo soro ta karɓi kuɗi. Nan take tunanin manya ya bar kan yarinyar ya koma kan sunan gida. "Kul na ƙara jin maganar nan a bakinki." "In ta fita, wa zai aure ki?" "A rufa asiri, zumunci ya fi." In magana ta fasu aka je gaban mai unguwa, sai ka ji wani dattijo ya gyara murya ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, alhali daddawar da yake nufi yarinya ce 'yar shekara tara. Daga nan a yanke 'yan kuɗin magani, a yi fatiha, a ce an kashe magana. Yarinyar ta tashi da darasin cewa ciwonta abin kunya ne. Shi kuwa ya tashi da darasin cewa abin yana da farashi, kuma bai fi ƙarfin aljihunsa ba. Asirin da aka rufa nasa ne, kuma yarinya ta gaba ita za ta biya.

Haka matar aure take gamuwa da shi. Ta yi yaji ta iso gida da kumburarriyar fuska, uban ko kallon fuskar bai yi ba zai ce, "Tashi ki koma ɗakinki, ba a yi mini yaji a gidan nan." Uwar ta raka ta zaure tana cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, zaman aure ɗan haƙuri ne, mu ma haka muka yi." Ba na cewa iyayen nan ba sa son 'yarsu. Suna tsoron zawarci, suna tsoron bakin duniya, wani lokaci kuma tukunyar gidan ba za ta ɗauki ƙarin baki huɗu ba. Sulhu ma alheri ne, kuma aure da yawa ya tsira ta dalilinsa. Amma harshe da haƙori da ake cewa suna saɓawa, saɓanin magana ake nufi. In an kai ga jini da karaya da shaƙe wuya, mayar da ita ba tare da an kira mijin an tsawata masa, an kafa masa sharaɗi a gaban waliyyai, an kuma duba ko ranta na cikin haɗari ba, wannan ba sulhu ba ne. Mata nawa aka mayar da sunan haƙuri, aka dawo da su a makara?

Masu fakewa da addini su duba abin da addinin ya koyar. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Lokacin da Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kawo ƙarar mijinta, an saurare ta, kuma a kan kokenta ne farkon Suratul Mujadala ya sauka. Matar gida ce mai matsalar cikin ɗaki, irin wadda mu a yau za mu ce ta je ta yi haƙuri. An kuma koya mana cewa azzalumi ma yana da haƙƙin taimako a kanmu, kuma taimakonsa shi ne a riƙe hannunsa. Saboda haka mai kawar da kai mutum biyu ya yasar: wadda ake zalunta, da ɗan'uwansa da ya bari yana tara wa kansa nauyin da zai tarar a lahira. Maƙwabtanmu Kirista ma littafinsu cike yake da umarnin tsaya wa gwauruwa da maraya. Babu wanda zai ce imaninsa ne ya sa shi yin shiru.

Mun iya fushi in abu ya fito fili. A watan Yuni na 2020, bayan jerin fyaɗe da kisan 'yan mata da suka girgiza ƙasa, gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. A watan Satumba na shekarar, Jihar Kaduna ta tanadi hukuncin dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. A farkon 2022 Kano ta ɗauki zafi a kan yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe, kuma kafin shekarar ta ƙare kotu ta yanke hukunci. Dokoki ma akwai su: dokar kare haƙƙin yara ta 2003, da dokar hana cin zarafin mutane da aka sa wa hannu a watan Mayun 2015, wadda ta tanadi umarnin kariya daga kotu da diyya ga wanda aka cuta. Amma doka ba ta da ƙafar da za ta shiga gida da kanta. Sai wani ya kai ƙara, sai likita ya rubuta abin da ya gani, sai maƙwabci ya yarda ya tsaya a gaban alƙali. Komai tsananin hukunci, in shaidu sun kawar da kai, a takarda zai tsufa. Fushinmu yakan tashi ne in mai laifin bare ne. In ɗan gida ne, sai murya ta yi ƙasa.

Akwai abin da ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani. Wanda aka yi wa fyaɗe, in an kai shi asibiti cikin awa 72, akwai maganin da ake ba shi na kwana 28 da ke kare shi daga kamuwa da cutar ƙanjamau. In lokacin ya wuce, damar ta wuce. A cikin waɗannan kwanaki ukun ne kuma likita ya fi samun alamomin da kotu za ta karɓa a matsayin hujja. Su ne kwanakin da muke ɓatawa wajen taron dangi da kai-kawo tsakanin gidan mai unguwa da gidan mai laifi, bayan an yi wa yarinya wanka an wanke tufafinta.

Don wannan aiki aka kafa cibiyoyi na musamman a cikin asibitoci. Ta farko a Najeriya ita ce Mirabel, da aka buɗe a Legas a 2013. A Arewa akwai Waraka a Kano, da cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, da Nana Khadija a Sakkwato. A wuri ɗaya ake duba mutum, a ba shi magani, a sami mai kwantar masa da hankali, a rubuta rahoton likita, a haɗa shi da 'yan sanda da lauya in yana so, kuma ba a karɓar kuɗinsa. Ma'aikatan waɗannan wurare suna ganin abin da mu muka ƙi kallo, kuma sun cancanci addu'armu.

A nan ne kawar da kai ke sake fitowa da wata riga, wato rigar kasafin kuɗi. Yawancin irin waɗannan cibiyoyi da tallafin ƙasashen waje suka tashi. Shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya yi aiki a Sakkwato da Adamawa da wasu jihohin Kudu da Abuja, yana da wa'adi, kuma wa'adin ya cika. A 2025 Amurka ta datse mafi yawan tallafin da take bayarwa a duniya. Kuɗin baƙo ranar tafiyarsa na nan tafe. Abin kunya ne a ce jinyar 'ya'yanmu ta dogara da tausayin mutanen da ba su taɓa ganinsu ba. Ka kuma duba nisan wuri: cibiya tana babban birni, yarinya tana ƙauyen da sai an hau babur an sauka an hau mota. Uban da ya ƙudurta neman haƙƙin 'yarsa zai biya kuɗin mota zuwa asibiti, zuwa ofishin 'yan sanda, zuwa kotun da za ta yi ta ɗaga zama, kullum yana barin gonarsa ko rumfarsa. Matar da ta gudo da goyo da dare tana bukatar wurin kwana mai tsaro, da abinci, da sana'ar da za ta riƙe kanta. Da yawa suna janye ƙara ne don aljihu ya ƙare, mu kuma mu ce sun yafe.

Ba rashin dukiya ke damunmu ba. Majalisun jihohi suna iya ware wa waɗannan cibiyoyi da gidajen mafaka kaso bayyananne a kasafin kowace shekara, kuma haƙƙinmu ne mu tambayi wakilanmu ko an saki kuɗin ko a takarda ya tsaya. Kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma ya kamata ya sami ɗaki ɗaya da ma'aikaciyar jinya da aka horar, da maganin da ba ya yankewa. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a jihohi irin su Sakkwato da Kano, kuma matar da aka kora da 'ya'ya ba ko sisi tana cikin mabuƙatan da aka yi zakka dominsu. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana ya sani cewa gidan da zai waƙafta don mafakar waɗanda aka zalunta, ko albashin lauyar da za ta tsaya wa marasa gata, aikin lada ne babba. Ƙungiyoyin mata irin su FIDA da FOMWAN suna da mutane a ƙasa da suka san inda ciwon yake. Abin da suka fi rasa shi ne hannun da zai tallafa musu.

Wani zai ce yana gudun shiga sharo ba shanu, wani ya ce yana tsoron ƙazafi. Tsoron ƙazafi tsoro ne mai kyau, kuma ba a ce ka hau lasifika ka ambaci sunan kowa ba. Kai yarinya asibiti ba ƙazafi ba ne. Buga ƙofar maƙwabci a ce, "Malam, lafiya? Mun ji kuka," ba shisshigi ba ne, haƙƙin maƙwabtaka ne. Sau da yawa sallama ɗaya takan sa hannun da aka ɗaga ya sauka, domin azzalumi ya dogara ne da tabbacin cewa ba mai zuwa. Malamar makaranta da ta ga ɗalibarta ta daina wasa tana ɗingishi, ta ja ta gefe ta tambaye ta a hankali. Uwa ta fara da cewa, "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne," kafin ta tambayi komai. Mai unguwa ya san iyakar abin da zaurensa zai sasanta, ya miƙa fyaɗe da raunata mutum ga hukuma. Liman ya faɗi wannan a huɗuba da sunansa, yadda yake faɗin riba da caca.

Sirrin da ya wajaba mu tsare shi ne na wadda aka cuta: kada a yaɗa sunanta, kada a ɗauki hotonta, kada a nuna ta da baki a gidan biki. Kunyar kuwa a mayar da ita kan mai ita. Duk wanda labari ya iso kunnensa ya zama mai amana, ko ya so ko bai so ba, kuma za a tambaye shi abin da ya yi da ita. Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar tsaya wa mai rauni tun yana da sauran numfashi, Ya kuma sa dukiyarmu ta bi bayan bakinmu.